Amfanin Cusa Tunani a Dabon Karanta Zuciya

Akwai wani salon rufa-ido da ya yi kasuwa a Turai da Amurka, wanda mai yin sa ba ya haɗiye reza, ba ya kuma fito da tantabara daga cikin hula, sai dai ya dubi mutum ya faɗa masa lambar da ya riƙe a ransa ko kartar da ya zaɓa a ɓoye. Masu wannan sana'a na da sukan ce baiwa ce aka yi musu ta ganin abin da ke cikin zukata. Na yanzu sun sauya bayani, suna cewa ilimin halayyar ɗan Adam suka laƙanta, kuma su ne suka cusa wa mutum tunanin tun kafin ya san ya yi shi, ta hanyar kalmomin da suka sakaya cikin zance da motsin hannun da bai lura da shi ba. Ina ɗan taɓa dabon karta don nishaɗin yara da abokai, kuma abin da na fahimta shi ne cusa tunani yana da amfani ƙwarai, amma ba a wurin da masu tallata shi suke nunawa ba.

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan bayani shi ne Derren Brown na Ingila, wanda ya fara fitowa a tashar Channel 4 a shekarar 2000. A cikin dabarunsa akwai wadda yake sa mutum ya riya karta a ransa, yana magana yana haɗa yatsunsa su yi siffar daimon, yana kuma zana lamba 3 a iska ba tare da ya ambace ta ba, da niyyar mutumin ya zaɓi uku mai daimon. A 2020 Alice Pailhès da Gustav Kuhn na jami'ar Goldsmiths da ke Landan suka gwada wannan dabara a kan mutane da yawa, suka sami kusan kashi 18 cikin 100 sun zaɓi kartar da ake so. Kartoci 52 ne a cikin fakiti, don haka da dace ne kawai, da ba za a wuce kashi 2 cikin 100 ba. A wurin mai bincike wannan sakamako ne babba, domin ya nuna cewa ishara tana iya karkatar da zaɓin mutum ba tare da saninsa ba. A wurin wanda jama'a suka sayi tikiti don su kalle shi kuwa, dabarar da za ta kunyata shi sau huɗu cikin biyar ba abin dogaro ba ce.

Abin da ƙwararru suke yi shi ne su jefa irin wannan ishara a matsayin gwaji, alhali sun tanadi mafita tun da farko. Idan ta faɗa daidai sai su tsaya a nan, 'yan kallo su tafi da labarin abin al'ajabi. Idan ta kuskure sai su zarce da wasan kamar dama ba a nan aka nufa ba, su kammala da saurin hannu ko da wata takarda da aka ɓoye a wani aljihu. Mai kallon talabijin kuma ba ya ganin waɗanda aka gwada a kansu abin bai yi ba.

Yawancin abin da ake kira cusa tunani ma, idan aka duba, ƙuntata zaɓi ne cikin hikima. Akwai tsohuwar dabarar da ake ce wa mutum ya riƙe lamba tsakanin 1 da 50, mai alƙaluma biyu, kowannensu mara, kuma kada su zama iri ɗaya. Mutum yana jin kamar an ba shi lambobi hamsin, amma waɗanda suka cika sharuɗɗan takwas ne kacal: 13, 15, 17, 19, 31, 35, 37 da 39. Idan mai dabon ya ba da misali da 15 sai su koma bakwai, kuma an daɗe da sanin cewa jama'a sun fi karkata zuwa 37 sannan 35. Haka nan gwajin da Jay Olson na jami'ar McGill ta Kanada ya wallafa a 2015, inda ake karkaɗe kartoci da sauri a gaban mutum a ce ya zaɓi wadda ya ga dama, alhali an bar guda ɗaya ta ɗan jima a idonsa fiye da sauran. Kashi 98 cikin 100 suka zaɓi wannan kartar, kuma kusan tara cikin kowane goma suka ce babu wanda ya rinjaye su. Tazarar da ke tsakanin 98 da 18 ita ce tazarar da ke tsakanin sarrafa abin da ido ya gani da fatan cewa ishara za ta yi aiki.

Inda cusa tunani yake da ƙarfi na gaske shi ne a kan abin da mai kallo yake zaton ya gani, da abin da zai tuna bayan an tashi. Richard Wiseman na jami'ar Hertfordshire, wanda ya yi sana'ar dabo kafin ya zama malamin ilimin halayya, ya wallafa wani gwaji a 2005 tare da Emma Greening. An nuna wa mutane bidiyon wani da ya lanƙwasa makulli da saurin hannu ya ajiye shi a kan tebur. Wasu sun ji shi yana cewa makullin yana ci gaba da lanƙwashewa, wasu kuma ba su ji wannan magana ba, kuma makullin bai motsa ba ko kaɗan. Kusan kashi 40 cikin 100 na rukunin farko suka ce sun ga yana lanƙwashewa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 5 kawai. Mu da muke cewa gani ya kori ji, ga wurin da ji ya kori gani. Kuhn ma ya nuna irin haka da ƙwallo a 2006: ya jefa ta sama sau biyu, a na uku ya yi kamar ya jefa ya riƙe ta a tafinsa, kuma idan ya bi ta da kallo zuwa sama, kusan kashi biyu cikin uku na masu kallo sukan ce sun ga ta tashi ta ɓace, idan kuwa ya dubi hannunsa sai adadin ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wannan ne nake ganin ya kamata mai koyon dabo ya ba ƙarfi. Kafin a bayyana kartar, mai dabo yakan maimaita wa jama'a abin da ya faru, ya ce: "Kai ka gauraya su, kai ka zaɓa, ni ban taɓa su ba." Gaskiya ce mutumin ya gauraya, amma bayan mai dabon ya riga ya leƙa abin da yake buƙata; gaskiya ce ya zaɓa, amma daga cikin abin da aka ƙuntata masa. Jimlar ƙarshe kuwa ba gaskiya ba ce, sai dai taɓawar ta faru ne a lokacin da ake raha, babu wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Washegari wanda aka yi wa dabon zai ba abokansa labarin abin da babu mai iya yin sa, domin labarin da aka ɗora masa yake bayarwa, kuma da zuciya ɗaya yake bayar da shi.

Haka abin yake idan aka zo ga faɗa wa mutum halinsa. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 a Amurka wani gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowa takardar da ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai, alhali rubutu ɗaya ne ya kwafa wa duka, mai ɗauke da maganganu irin su kana son mutane su yaba maka, kana yawan zargin kanka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Da aka ce su auna dacewar bayanin da halinsu, matsakaicin makin da suka ba shi ya kai kusan 4.3 cikin 5. Duk wanda ya san yadda masu duba da bokaye suke buɗe zance a ƙasarmu, da batun maƙiyi na kusa da wani alheri da aka tare, zai gane wannan hanya: mai magana ya ba da jimla mai faɗi, mai sauraro ya cika ta da sunaye da ranaku daga rayuwarsa, sannan ya tafi yana cewa an faɗa masa abin da babu wanda ya sani.

Sauran amfanin, wanda shi ne nake da ja a kansa, shi ne amfani da batun cusa tunani a matsayin mayafi. Idan mai dabo ya ce ya gane kartarka daga motsin idonka, hankalinka zai tafi ga idonka, ba za ka ƙara tambayar inda hannunsa na hagu yake ba. A 2003 marubucin kimiyya Simon Singh ya soki Derren Brown a jaridar Daily Telegraph a kan wannan, cewa yana gabatar da dabo na yau da kullum da sunan kimiyya. Ina ganin sukar tana da tushe, domin wanda ya kalli an raba mace biyu da zarto ya san wasa ne, amma wanda aka ce wa da kalmomi uku aka juya masa tunani yakan fita da imanin cewa hakan mai yiwuwa ne a kasuwa da ofis. Irin wannan imani ne ya raya labarin James Vicary, wani mai binciken kasuwa a Amurka, wanda ya ce a 1957 ya ƙara cinikin gugguru da Coca-Cola a wani gidan silima ta hanyar walƙa saƙonnin da ido ba ya kamawa, sannan a 1962 ya amsa cewa babu wani sahihin bincike a bayan maganar. Kuhn da abokan aikinsa sun gwada wannan damuwa a 2018, suka tarar cewa kallon dabon da aka lulluɓe da bayanin ilimin halayya yana ƙara wa mutane yarda da irin waɗannan iƙirari, ko da an faɗa musu tun farko cewa mai dabo ne yake gabansu.