Tambayar ɗan Yawuri

Yau na zauna gefen 'yata a Birnin Kebbi tana darasin tarihi ta Zoom, wayar jingine da kofin shayi. Malama na ba su labarin Magellan, jagoran tafiyar farko ta zagaya duniya ta teku: jiragen ruwa 5 suka tashi daga Sifaniya a 1519, ɗaya tal ya dawo a 1522 da mutum 18. Shi kansa a Filifin aka kashe shi.

Sai wani yaro ɗan Yawuri ya ce, "Malama, wa ya je ya gaya wa iyayen sauran?" Aji ya yi tsit, jikina ya yi sanyi. Wanda ya tashi a bakin kogin Neja ya san tsayuwar gaɓa, ana jiran kwalekwalen da bai iso ba. Har yanzu iyayen nan ne a raina.