Ranar da na zana raƙumi mai tozo biyu

Littafin yara na farko da na yi wa zane yana nan cikin akwatina, kuma har yau idan na buɗe shafi na 9 sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Labarin wani yaro ne da ya bi kakansa fatauci daga Agadas zuwa Kano. Sati uku na kwashe a kan raƙumin kakan, ina gyara gashin ido, ina gyara inuwar akala. Da littafin ya fito na kai wa yayata kwafi ɗaya. Ɗanta mai shekara bakwai ya karɓa, ya ƙura wa shafin ido, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, me ya fito wa raƙumin nan a baya?"

Tozo biyu na yi masa. Raƙumi mai tozo biyu dabbar tsakiyar Asiya ce, can wajen Mongoliya da hamadar Gobi inda sanyi ke kashe mutum. Namu na Azbin da Damagaram da Sakkwato tozo ɗaya gare shi, kuma na sani, domin a Kano na tashi, na sha ganin ana kora su mayanka. Idona ya sani, amma hannuna bai sani ba. Hannun ya koyi raƙumi ne daga katun ɗin talabijin da tsofaffin littattafan ƙasashen waje da nake kwaikwaya tun ina firamare, da na zauna zane sai ya kawo min abin da ya haddace. Marubucin bai lura ba, mai maɗaba'a bai lura ba, aka buga aka raba wa makarantu.

Ƙannena masu sha'awar wannan sana'a, yawancin kurakuran da na yi daga baya 'ya'yan wannan ne: zama a ɗaki a zana abin da ake zaton an sani.

Maganinsa ba shi da tsada. Ku sayi ƙaramin littafi marar layi wanda zai shiga aljihu, da fensir, ku fita. Ni kara na fara zuwa, na sami gindin darbejiya na zauna tun hantsi har azahar. A nan na ga abubuwan da na shekara ashirin ina wuce su. Wutsiyar akuya a ɗage take, ta tunkiya a sauke. Saniya idan za ta tashi daga kwance ƙafafun baya take fara miƙewa, doki kuwa na gaba. Jaki yana da baƙin layi da ya gitta kafaɗunsa. Raƙumi in yana tafiya ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya ne ke motsawa tare, shi ya sa yake rangaji. Kura, wadda kusan ba a tatsuniya sai da ita, sai da na je gidan zu na tsaya gabanta kafin na gane gabanta ya fi bayanta tsayi, gadon bayanta gangare ne. Kafin nan kare mai ɗige-ɗige nake zanawa ina kiransa kura.

Mutane sun fi dabbobi wuya. Na taɓa zana mace da goyo, jaririn yana lilo a tsakiyar bayanta kamar jakar makaranta, ƙafafunsa a miƙe ƙasa. Mahaifiyata ce ta gani ta ce, "Wannan yaron ai faɗowa zai yi." Ta sa ƙanwata ta goya ɗanta a gabana sau uku: yadda ake sunkuyawa, yadda zani ke bi ta ƙarƙashin hammata a soke shi a ƙirji, yadda majanyi ke tallafe mazaunan yaro a ɗaure a gaba, yadda 'yan ƙafafunsa ke leƙowa ta gefen ƙugun uwa, kansa ya kwanta gefe guda idan barci ya ɗauke shi. Haka riƙon taɓarya, haka zaman mai tuƙa tuwo, haka naɗin rawani. Kowanne yana da yadda ake yinsa, kuma yaron da zai buɗe littafin kullum yana gani. In za ku zana mutum a kasuwa ko a ƙofar gidansa, ku yi sallama, ku gaisa, ku nemi izini, in ya ƙi ku yi godiya ku wuce.

Sai dai akwai wani rami a gaba, na faɗa shi ma. Da na farga, sai na koma komai ƙauye: zaure, zanko, rumbu, danga, indararo. Kowane yaro nawa a gidan ƙasa yake, kowace uwa tana gaban murhu. Wata malamar firamare a cikin birni ta ce da ni, "Malam, ɗalibaina a Adaidaita Sahu suke zuwa makaranta." Gaskiya ta faɗa. Yaron Fagge ko Tudun Wada rufin kwano ya sani, da tankin ruwa, da mai kurar ruwa da jarkokinsa, da wayar da babarsa ke kira da ita. Shi ma yana da haƙƙin ya ga unguwarsu a littafi. Ku tambayi labarin a ina yake faruwa, sannan ku je wurin da ƙafarku.

Yanzu aikin kansa. Da, ana ba ni rubutu sai in zaɓi wurin da ya fi burge ni in hau shi da kala. Na taɓa gama manyan zane shida kafin na gane ban bar wa rubutu wuri ba, dole aka ɗora kalmomi a kan shuɗin sama mai duhu, yara suna karantawa da ƙyar. Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, wani lokaci 24 ko 16, domin babbar takarda ake bugawa a ninke ta, kuma wanda ake ɗinkewa da waya a tsakiya dole adadin shafinsa ya rabu da 4. In an cire shafin suna da na bayanan bugu, abin da ke rage wa labari bai wuce buɗi 14 ba, wato shafi biyu masu kallon juna sau 14. Saboda haka kafin ku taɓa kala, ku ɗauki farar takarda guda 8, ku ninke su biyu, ga littafi mai shafi 32 a hannunku. Ku yanka rubutun ku manna, ku yi 'yan zane-zanen gaggawa da fensir, mutum ya zama kamar sanda da kai ma ya isa. Sannan ku karanta da ƙarfi kuna juya shafi. A nan za ku ji inda labarin ya yi nauyi da inda ya yi gudu. A nan kuma za ku koyi cewa juya shafi shi ne "sai me ya faru?" na mai tatsuniya: tambaya ta tsaya a ƙarshen shafin dama, amsa ta ɓuya a bayansa. Kada ku nuna wa yaro abin da ke cikin kogo a shafin da ake cewa yarinya ta matso bakin kogon.

Jarumin labari kuma ku san shi kafin ku sa shi aiki. Ku zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, yana kuka, yana gudu, yana barci, ku manna a bango. Ina da yarinyar da ta fara littafi da kitson shuku ta ƙare da kalaba, alhali labarin yini ɗaya ne. Babba ko ɗaya bai gani ba, yara kuwa nan take suka ce ba ita ba ce, yayarta ce.

Abin da ya fi komai ɗaukar min lokaci kafin na gane shi ne cewa hoto ba maimaita rubutu yake yi ba. Shekaru na yi ina zana daidai abin da marubuci ya rubuta: ya ce yaro ya sha kunu, in zana yaro da kofi. To me na ƙara? Ranar da abin ya buɗe min, tatsuniyar Gizo nake yi wa zane. Rubutun ya ce Gizo ya rantse wa Ƙoƙi bai taɓa naman ba. Sai na zana shi ya marairaice fuska, ya ɗaga hannu biyu sama, amma hannu na uku yana ɓoye ƙashi a bayansa, ga maiƙo yana sheƙi a gefen bakinsa. Na karanta wa yaran maƙwabta. Wata 'yar shekara huɗu wadda ko baƙi ɗaya ba ta sani ba ta tashi tsaye tana nuni tana ihu, "Ƙarya yake yi! Ga shi nan!" Ta riga mai karatun sanin gaskiya. Wannan daɗin shi ne yake sa yaro ya ce a sake karanta masa, kuma mai zane kaɗai ke iya ba shi. Tun daga ranar, duk shafin da zan yi sai na tambayi kaina me kalmomin suka bari ba su faɗa ba. Wani lokaci 'yar kaza ce da ke bin jarumin daga shafi zuwa shafi ba a taɓa ambatarta ba. Yara suna nemanta kafin su saurari labarin.

Da na koma aiki da kwamfuta sai sababbin kurakurai suka zo. Tunda boko daga hagu zuwa dama ake karanta shi, mun saba sa jarumi ya fuskanci dama, ya ja idon yaro zuwa shafi na gaba. Na ga wani yaro nawa yana kallon hagu, sai na danna abu ɗaya na juya hoton gaba ɗaya. Ban tsaya na duba ba. Hoton cin abinci ne, yaron ya koma yana kai lomar tuwo baki da hannun hagu a gaban kakarsa. Wani uba ya dawo da littafin makaranta, kuma ban ga laifinsa ba. Duk hoton da kuka juya, ku bi hannuwa ɗaya bayan ɗaya: mai ci, mai gaisawa, mai miƙa abu, mai karɓa.

Maɗaba'a kuwa makaranta ce mai zaman kanta, ku je ku zauna da masu injin, ku girmama su. Allon kwamfuta da haske yake haɗa kala, daga ja da kore da shuɗi. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki, waɗanda ake kira CMYK, kuma takarda mai araha tana shan tawada ta ƙara mata duhu. A nan fatar yaranmu take shan wahala. Na haɗa ruwan ƙasa mai kyau a allo, da aka buga sai fuskoki suka cushe, ido da haƙora kaɗai ake gani. Na yi baƙin ciki ƙwarai, domin yaron da ya ga mai kama da shi ya fito haka ba zai so hoton ba. Ku rage baƙar tawada a fata, ku gina launin da ja da rawaya, ku bar haske a goshi da kumatu da karan hanci, kuma ku tuna a gida ɗaya akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, akwai fari. Ku sa a buga muku shafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita. Zanen ya zama mai ɗigo 300 a kowane inci, ya zarce gefen shafi da milimita 3 saboda wuƙar yanka, kada kuma ku sa fuska a tsakiyar buɗi inda ɗinki zai haɗiye hanci. Ku duba baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin ba kowane salon rubutu ne yake da su ba, na ga bangon littafi da ƙ ta koma ɗan akwati babu komai ciki.

Maganar kuɗi gajeriya ce: ku rubuta. Na yi wa wani mai buga littattafai aiki da baki kawai saboda kunya da ganin girma, ya biya ni sau ɗaya, bayan shekaru na tarar da zanena a wasu littattafai uku babu ko sunana. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce sayar da haƙƙi sai a rubuce, don haka takarda ta faɗi zane nawa, gyara sau nawa, kafin alƙalami nawa, bugu ɗaya aka saya ko har abada, kuma sunanku a bango. Akwai ayyukan karatun yara irin su African Storybook da ke sakin littattafai, har da na Hausa, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa ya buga ya fassara kyauta. Alheri ne babba ga yaranmu, amma ku san abin da kuke sa wa hannu kafin ku sa.

Yanzu ba na kai aiki maɗaba'a sai ya bi ta tabarma. Ina tara yara biyar ko shida bayan la'asar, in rufe rubutun da takarda, in miƙa musu littafin gwajin in ja bakina in yi shiru. Shirun shi ne mai wuya, domin rai yana son ya yi bayani. Waɗanda suka fara da makarantar allo sukan buɗe shi ta dama, sai in bar su in ga ko za su gane da kansu. Ina kallon inda suka yi dariya, da inda suka juya shafi da sauri, da inda suka yi gardama. Satin da ya wuce na kai musu labarin wani jaki da ya ƙi tsallaka rafi. Na yi zaton na nuna tsoro a fuskarsa, amma dukansu suka ce fushi yake yi. Wani ɗan mai kiwo a cikinsu ya kama kunnuwansa biyu ya nuna min: in jaki ya kwantar da kunne baya, faɗa yake ji, in kuwa wani abu ya razana shi sai ya miƙe su tsaye ya kafe ƙafa yana kallon abin. Na goge kunnuwan a gabansu, na miƙa masa fensirin ya nuna min inda za su tsaya.