Kowane yaro da allonsa

Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare, da la'asar kuma nakan zauna da yara kaɗan a zauren gidanmu a Gwammaja, cikin birnin Kano. Yawancinsu sai da aka gaji da duka aka kawo min su. Maganar iyayen ɗaya ce: "Malama, ga shi nan, kansa ba ya ja."

Ba na buɗe wa yaro littafin ajinsa a ranar farko. Takarda guda nake ba shi, baƙaƙe da wasula a sama, sai gaɓoɓi, sai kalmomi, ɗan labari a ƙasa. Inda harshensa ya sarƙe, nan za mu fara. Akwai wani ɗan aji biyar da ke kwafe rubutu tsaf, hannunsa ma ya fi nawa kyau, amma in ka ba shi "ba" da "ki" ba zai ce "baki" ba. Murafen lemon kwalba muka tara, na rubuta gaɓa a cikin kowanne, yana jerawa a kan tabarma yana furtawa. Ranar da ya haɗa "makaranta" da kansa, sai da ya rufe baki don dariya.

Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowa da inda ya kai, malam ya biya maka naka, ba a ƙara maka sai ka riƙe. Aji mai cike da yara ne ya sa manhaja take gudu, wanda ya faɗi a bar shi a baya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, kuma an gwada wannan tsari a jiharmu, a Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin KaLMA na bunƙasa karatu da lissafi. Ina fata ya iso kowace firamare a cikin birni.

Wani lokacin kuma matsalar ba ta karatu ba ce. Wata yarinya da ake ce wa mai taurin kai, na lura kullum gefe guda take juyo min in ina magana. Na ce, "Maman yara, don Allah a kai ta Asibitin Malam Aminu Kano a duba kunnenta." Ashe ta daɗe ba ta ji sosai. Mai runtse ido in zai kalli allo, a duba masa ido. Wanda ya kai shekara uku bai fara haɗa kalmomi ba, a nemi likitan yara, kada a zauna ana cewa nauyin baki gado ne.

Abin da ke cin raina shi ne kuɗi. Mai hali ya ɗaukar wa ɗansa malamin lesin, ɗan mai tura ruwa fa? Shi ya sa nake koya wa yayyensu mata wasan murafen nan, su riƙa yi da ƙannensu bayan magariba, ko da na minti 15 ne.