Kakar da Na Zuba Kuɗi a Kan Collingwood

Aiki ne ya kawo ni Melbourne, amma garin nan ba ya ƙyale baƙo ya zauna babu ƙungiya. A satina na farko a siton da nake aiki, wani abokin aiki ya tambaye ni wa nake goya wa baya. Na ce Arsenal. Ya ce ba wannan ba, ƙwallon 'yan Ostiraliya yake nufi, ta gasar AFL: fili mai siffar ƙwai, ƙwallon ita ma haka, mutum 18 kowane ɓangare, turaku huɗu a kowane ƙarshe. In ka harba ta ratsa tsakanin dogayen biyun nan na tsakiya, maki 6. In ta bi gefe, maki 1. Shi ɗan Collingwood ne, ɗaya daga ƙungiyoyin garin, gaba da baya, tun daga kakansa. Washegari ya kawo mini tsohon ƙyallen wuyansa mai ratsin baƙi da fari, na zama nasu.

Na shigo da ƙafar dama, domin a 2023 Collingwood ta ɗauki kofi na 16 a tarihinta. A wasannin ƙarshen kaka ta doke ƙungiyar Melbourne da maki 7, ta doke GWS ta yammacin Sydney da maki 1, sannan a wasan ƙarshe ta doke Brisbane 90 da 86. In ka haɗa, maki 12 ne, harbi biyu kacal tsakanin manyan turaku. A lokacin gani nake wannan shi ne jarumta, yaran ba sa karaya in wuta ta yi wuta. Ban taɓa juya lissafin ta ɗaya gefen ba, cewa da iska ta karkatar da ƙwallo ɗaya a wasan GWS, da babu kofin.

Farkon Maris na 2024 na sauke manhajar wani kamfanin caca. Na san hukuncin caca tun ina Islamiyya, ba sai an karanto mini ayar Suratul Ma'ida ba. Amma na shawo kan zuciyata da cewa wannan sani ne, ba sa'a ba: ga koci Craig McRae, ga Nick Daicos ɗan shekara 21 da babu irinsa, ga kyaftin Darcy Moore a baya, ga dattijo Scott Pendlebury. Na zuba dalar Ostiraliya 200 a kan za su sake ɗaukar kofi. Kuma a garin nan ba ka jin kana aikata wani baƙon abu. Talla ce a talabijin, a rediyo, a wayarka, har a shirye-shiryen ƙwallo akan faɗi ninkin kuɗin da za a biya a kan kowace ƙungiya kamar ana faɗin yanayin gari.

Ƙungiyar watan Satumban bara na saya, ba wadda za ta fito fili a Maris ba. Abubuwan da ya kamata in duba suna nan a bayyane. Ƙashin bayan ƙungiyar, irin su Pendlebury da Steele Sidebottom da Jeremy Howe, duk sun haura 30. Dan McStay ya ji ciwo a gwiwa tun kafin a fara kaka. Nathan Murphy, wanda ya bugu a kai a wasan ƙarshe, bai sake buga wasa ba, ya yi ritaya a Afrilu yana da shekara 24. Sannan tsarin gasar da kansa an gina shi ne don ya ja na sama ƙasa: akwai iyakar albashi, na ƙarshen teburi ne ke fara zaɓar sababbin matasa, kuma da yake ƙungiyoyi 18 ne wasanni 23, waɗanda suka ƙare a sama sun fi haɗuwa da manya sau biyu.

Suka sha kashi a wasanni uku na farko. Maimakon in haƙura da ɗari biyun, sai na shiga caca mako-mako don in mayar da abin da na ga yana zurarewa. A nan ne asarar gaske ta faru. Akwai wani lissafi da ban yi ba sai daga baya. In kamfani ya ɗauki ɓangarori biyu daidai suke, yakan ba kowanne ninkin 1.90. Mutum biyu su sa dala goma-goma, an tara 20, wanda ya ci ya karɓi 19. Wannan ɗayar da ta ɓace ita ce abincin kamfani, ko wa ya ci. Ni kuwa haɗaka nake yi, in ɗaure abu huɗu ko biyar a wasa guda, wane ya ci biyu, wane ya taɓa ƙwallo sau 25, kuma kowane ɗauri da nasa yankan. Ranar Anzac ta tunawa da sojoji, 25 ga Afrilu, Collingwood da Essendon suka tashi 85 da 85. Mutane na ta zancen wasan tsawon mako, ni abin da na tuna kawai takardata ta mutu.

Daren da ya farkar da ni shi ne na wasan Pendlebury na 400, da Carlton, farkon Agusta a MCG, babban filin wasa na Melbourne. Abokin aikina ya samo mana tikiti. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi, mutum sama da dubu 80, hannuna cikin aljihu yana riƙe da waya. Na sa dala 150 a kan Collingwood za ta ci da tazarar da ta haura maki 15. Zuwa farkon zango na huɗu sun ba da rata mai faɗi, har na fara raba kuɗin a zuciyata. Sai Carlton ta dawo, ci bayan ci. Jiniyar tashi ta kaɗa ƙwallo na hannun Mitch McGovern na Carlton, doka ta ba shi damar harbi ɗaya, ratar maki 3 ce, in ya ci sun yi nasara. Ya harba ta baude. Filin ya tsinke da ihu, abokina ya rungume ni yana hawaye, aka ɗaga Pendlebury a kafaɗa. Ƙungiyata ta ci wasan da za a daɗe ana tunawa, ni kuwa ina tsaye raina a ɓace, ina duban allon waya. Tun kusan minti goma kafin a tashi na daina kallon ƙwallo, lamba nake kallo.

Na isa gida na tarar uwargida ba ta yi barci ba, takardar banki a gabanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maigida, kuɗin da muka ce za a aika wa Hajiya na gyaran rufi, ina suka shiga?" Na zauna muka ƙirga tare, layi-layi. Daga Maris zuwa daren nan, dala dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai. Ban san sun kai rabin haka ba, domin ashirin-ashirin da hamsin-hamsin suke fita.

Da safe na shiga BetStop, rajistar da gwamnatin ƙasar ta buɗe a Agustan 2023, wadda in ka sa sunanka duk kamfanonin cacar intanet masu lasisi dole su rufe maka ƙofa. Ana iya zaɓar daga wata uku har tsawon rai. Na zaɓi tsawon rai, na yi alwala na roƙi gafara.

Collingwood ta ƙare ta tara, maki 52 a teburi daidai da Carlton da ta samu gurbi na takwas, na ƙarshe da ke shiga wasannin ƙarshen kaka a shekarar, kason ci ne ya raba su. Hawthorn da ta faɗi wasanni biyar na farko ta shiga wasannin ƙarshen kaka. Brisbane da ta fara kaka da ɗingishi ta ƙare ta biyar, ta je ta lallasa Sydney 120 da 60 ta ɗauki kofi. A watan Afrilu babu wanda na sani a sito da ya hango ko ɗaya cikin ukun nan, har waɗanda suka shekara arba'in suna kallo.

Har yanzu in kaka ta ƙarato nakan zauna in duba shekarun 'yan wasa, da jerin masu jinya, da wasanni nawa aka ci bara da ƙyar, mu yi ta musu da abokina lokacin hutun shayi. Kuɗin rufin Hajiya kuwa sai a Disamba na kammala haɗa su, da aikin ƙarin lokaci na ranakun Asabar.