Atishawar hunturu da ƙwayar da na raina

Duk wanda ya san ni a Kwari, kasuwar yadi ta Kano, ya san da zarar hazo ya sauko to ni kuma tawa ta same ni. Wasu hunturu kaushi da fashewar leɓe yake kawo musu, ni atishawa yake kawo min, kuma ba irin wacce za ka yi guda ɗaya kace alhamdulillah a ce maka yarhamukallah a wuce wajen ba, a'a, jerawa nake kamar janareto yana shirin tashi, har maƙwabcin shagona ya daina amsa min, yace ai bayan ta uku mura ce, shi ya fita haƙƙina. Ido ya kaɗa yai ja yana ƙaiƙayi, hanci na tsiyayar ruwa tsararo, can cikin maƙogwaro da kunne kuma kamar ana min susa da tsinke. Ga shi sana'ata yadi ce, kana warware bandir ɗin shadda ƙura na tashi tana shigar maka hanci. Wai ma yawancin ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Kun ga kenan ni tsakanin kwari biyu nake shan wahala.

Na fi shekara goma ina ce wa abin nan mura. Ashe alaji ne. Ba Alhaji ba fa, alaji, wato jikinka ya ɗauki abin da ba komai ba ya mai da shi abokin gaba. Mura ta gaskiya ƙwayar cuta ce, ta kan zo da ciwon jiki, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri, sati ɗaya zuwa kwana goma ta kama gabanta. Nawa kuwa ba zazzaɓi, ƙaiƙayi ne da ruwa, kuma sai ya yi wata biyu yana tare da ni, in na shiga ɗakin da aka kaɗe kafet ko aka buɗe tsohuwar durowa ya tashi nan take.

To maganina tun ina saurayi shi ne Piriton. A Kano duk wata 'yar ƙaramar ƙwayar da ke ɗauke da kulofeniramin Piriton muke ce mata ko wane kamfani ya yi ta, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Araha gare ta, kowane kemis na lungu akwai, kuma gaskiya tana aiki, ba zan ci amanarta ba. Ni ne dai na raina ta saboda ƙanƙantarta.

Bara, wata safiyar Litinin, na tashi hanci a toshe kai ya yi nauyi. Na watsa guda biyu maimakon ɗaya, dan wai ta fi saurin kamawa. Na biya kemis ɗin bakin layinmu nace dakta a bani na mura mai ƙarfi, ya yanko min wani na kati, na kora shi da shayi a wajen mai shayi, na hau babur na nufi kasuwa. Daga Rijiyar Zaki har Kabuga lafiya lau. Tsakanin Kabuga da Tal'udu ne na ji idona yana rufewa da kansa, irin barcin nan da ba ya sallama, ni dai abin da na sani kawai na ji ihun mutane, na buɗe ido na ga bayan adaidaita sahu a gaban hancina. Allah ne ya sa ba gudu nake ba. Na taka burki na zube gefe, gwiwa ta ɗaye, madubi ya fashe, ɗan sahun ya leƙo ya zazzaga min abin da ya sawwaƙa, ciki har da tambayar ko na sha wani abu ne. Ni ko na rantse masa ban taɓa shan komai ba. A raina gaskiya nake faɗa.

Da daddare na je gida gaida Umma, ƙanwata da ta karanci harhaɗa magunguna tana nan, ta ga ina ɗingishi. Na ba ta labari, tace Yaya ina katin? Na zaro daga aljihu. Ta juya bayansa ta nuna min 'yan ƙananan rubutun nan da ba wanda ke karantawa, tace karanta nan. Farasitamol, sai wani na buɗe hanci, sai na ukun kalmar da ta fara da chlorph. Tace to wannan shi ne dai Piriton ɗin da ka sha a gida, ka sha biyu ka ƙara da wani a kai ka hau titi, Yaya kai da wanda ya kwana bai runtsa ba duk ɗaya kuke a kan babur. Umma na gefe tana ta salati.

A daren ne ta zaunar da ni ta min karatu, kuma na ji kunya ba kaɗan ba, yarinyar da na goya. Tace in ƙura ko garin furen ciyawa ko gashin mage ya shiga hancin mai alaji, jiki sai ya saki wani sinadari, histamin, shi ke kawo ƙaiƙayin da kumburin da ruwan. Ƙwayoyin nan aikinsu su tare masa wajen zama. Amma iri biyu ne. Akwai tsofaffin, irin su kulofeniramin da furometazin da ake sayarwa da sunan Phenergan, su suna ratsawa har ƙwaƙwalwa, kuma ashe a ƙwaƙwalwa histamin ɗin yana cikin abin da ke riƙe mutum a farke, shi ya sa da an toshe shi sai gyangyaɗi. Sai kuma na baya-bayan nan, loratadin, setirizin wanda a kwali da c ake rubuta shi, cetirizine, da feksofenadin, su ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai. Kulofeniramin na manya miligiram 4 ne, guda ɗaya duk bayan awa 4 zuwa 6, kar a wuce guda 6 a cikin awa 24. Loratadin da setirizin kuwa miligiram 10, sau ɗaya tak a rana, shikenan, ko atishawa ta dawo da yamma ba a ƙarawa. Nace to in guda ɗaya bai yi ba fa? Tace ƙarin ba ya ƙara maka sauƙi yadda kake zato, illar ce ke ninkuwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da tace mayen tsohon nan ba lallai ka ji shi a matsayin barci ba. Kana iya jin idonka biyu garau amma hannunka ya yi jinkirin kai wa burki, kuma wanda ya sha da daddare ma yana iya wayar gari da sauransa a jiki. Sai na fara lissafin mutanen da na sani masu watsa shi da safe su fita: direbobin haya, 'yan sahu, masu injin markaɗe, masu yankan katako a Na'ibawa, teloli masu ɗinkin dare gab da sallah. Ba wanda ke ganinsa a matsayin abin tsoro, tunda ba kodin ba ne da gwamnati ta hana a 2018, ba kuma wanda zai kama ka da shi.

Na koma loratadin. Amma kafin nan na gwada setirizin na kwana uku, ni kam ya sa ni kasala, na yini ina hamma a shago, alhali wani abokina shi yake sha ko gezau. Jiki da jiki. Dan haka ko sabon ne, ranar farko ka sha shi a ranar da ba ka da tuƙi, ko da daddare, ka ga yadda za ku yi da shi. Feksofenadin ya fi su tsada, kuma shi da ruwa zalla ake kora shi, in ka sha da lemon zaƙi ko jus ɗin tuffa yana rage yadda jiki ke zuƙarsa. Da azumi ma na ga amfanin na sau ɗaya a rana, ka sha bayan buɗa baki ka manta da shi, saɓanin tsohon da ke busar da baki da maƙoshi, ka sha shi da sahur a zafin Kano ka ga yadda la'asar za ta yi maka nisa.

Wannan busarwar kuma ba a baki kaɗai ta tsaya ba. Baffanmu, yayan mahaifinmu, ya haura saba'in, dama fitsari na masa gardama irin na dattawa maza da furostet ɗinsu ya kumbura. Ƙanwar tawa ta tarar da kati guda na Piriton a ƙarƙashin filonsa, wai yana sha dan barci ya ɗauke shi. Ta durƙusa tace Baffa dan Allah a bar wannan, yana iya riƙe fitsarin gaba ɗaya sai an kai ga sa roba a asibiti, ga jiri, ga ruɗewa, tsoho ya tashi alwalar asuba ya faɗi a banɗaki. Haka masu gilakoma, hawan jinin ido, su ma ba nasu ba ne sai da izinin likita. Mai ciwon ƙoda shi ko setirizin ne sai an rage masa. Mai hawan jini kuma matsalarsa tana wajen na mura na haɗe-haɗen nan, sinadarin buɗe hancin da ke ciki yana iya ɗaga jini. Mai ciki da mai shayarwa su tambaya a wajen awo kafin su sha, ba a kemis ba. Kuma in kana shan na haɗin, kar ka ƙara farasitamol a kai ba lissafi, akwai shi a ciki, hanta ce ke biyan kuɗin.

Sai maganar yara, wacce in na fara ta raina ɓaci yake. Kowa ya san ana yi, kar mu yaudari juna. Yaro ya dami mutane da kuka, ko za a tafi biki, ko za a hau motar Abuja, sai a ɗura masa cokali guda na ruwan Piriton ko Phenergan ya yi shiru. Furometazin ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba sam, yana iya danne masa numfashi. Wasu yaran ma juyewa yake musu, maimakon barci sai su birkice da rigima da zabura, uwa ta ɗauka bai isa ba ta ƙara. Na yara da awo ake bayarwa gwargwadon shekaru, da ɗan murfin awon da ke cikin kwalin, ba da cokalin cin tuwo ba. Haka 'yan matan da ke neman ƙiba, da yawa daga abin da ake sai musu sifuroheftadin ne, shi ma ɗan gidan su Piriton ne, buɗe ciki illarsa ce aka mayar sana'a, shi ya sa za ka ga yarinya ta yini a kwance kamar an zare mata laka.

Wani abin da na gano da kaina, ba kowace atishawa ce ƙwaya ke kashewa ba. Ranar da madam ta turara ɗaki da turaren wuta, ko aka kunna maganin sauro na igiya, ko na biyo bayan tsohuwar tifa tana aman hayaƙi, ko na sha loratadin sai na yi. Wannan hanci ne kawai aka tsokana, ba histamin ba ne ke da laifi sosai. Abin da ya fi min aiki a nan takunkumi ne, wanda muka watsar bayan korona, da wanke hanci da ruwan gishiri in na dawo gida, ruwan da aka tafasa ya huce. Toshewar hanci ma ƙwayoyin ba su cika iya mata ba, sai da likita ya rubuta min wani na fesawa da ake yi kullum, ya ce in yi haƙuri sai ya kwana biyu kafin in ga aikinsa. Shi daban yake da na ɗigawar nan mai buɗe hanci cikin minti biyu, wanda in ka wuce sati kana sa shi hancin zai kama shi, da ka daina ya toshe fiye da da.

Akwai kuma inda ƙwaya ba ta da hurumi kwata-kwata. Borin jini na fata kawai, eh, tana kwantar da shi. Amma mutum ya ci gyaɗa ko kifi, ko zuma ta harbe shi, ko aka masa allura, sai leɓe da harshe suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar, ko ya yanke jiki, to wannan ba a aiken yaro kemis, asibiti ake nufa a guje, allurar adirenalin ake masa. Mai asma ma in ƙirji ya riƙe inhelarsa ce magani, Piriton ba ya buɗe hanyar iska.

Yanzu in zan saya sai na karɓi kwalin a hannuna, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na juya baya na karanta abin da ke ciki, ba na yarda a ƙirgo min tsirara a farar leda ban san sunansu ba. Rannan mai kemis ɗin layinmu yana kallona ina ƙanƙance ido a kan rubutun yace Alhaji ko ka koma makaranta ne? Nace a'a, gwiwata ce ta koma. Madubin babur ɗin ma har yau ban canza ba, na ɗaure shi da salatif.