Yini Guda a Bakin Ruwan Richmond

Sanyin San Faransisko ba ya sallama. Na fito da 'yar shara a tsakiyar watan Yuli, ina ganin ai lokacin zafinsu ne, sai da jirgin fito ya raba mu da gaɓa iska ta fara ratsa ni har ƙashi. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can, wanda shi ya ja ni wannan tafiya, ya tuɓe rigar sanyinsa ya miƙo mini yana dariya: "Kawu, ai sai da na gaya maka." Minti talatin da 'yan kai muka yi a kan ruwa kafin mu sauka Richmond.

Kana sauka za ka yi kiciɓis da tsohuwar masana'antar Ford, dogon ginin bulo mai tagogi reras. A yaƙin duniya na biyu an ajiye haɗa motocin gida a nan, aka koma jif-jif na soja da ƙarasa tankokin yaƙi. A gefenta akwai ɗan gini, shi ne masaukin baƙi na wurin tarihin da gwamnatin Amurka ta kafa a 2000 domin tunawa da waɗanda suka yi yaƙin daga gida. Ba a biyan ko sisi.

Hoton da na zo gani na nan: mace ɗaure da jan kallabi mai ɗigon fari, ta naɗe hannun riga tana nuna ƙwanji, a sama an rubuta cewa za mu iya. Duk ranar mata ta duniya sai na gan shi a Facebook, kuma na daɗe ina zaton shi ya fito da matan Amurka daga ɗakin girki. Ashe ba haka ba ne. J. Howard Miller ya zana shi don kamfanin Westinghouse, aka manna a cikin masana'antunsa na mako biyu kacal a Fabrairun 1943, don ma'aikatan da ke ciki su ƙara zage damtse. Daga nan aka manta da shi, sai a shekarun 1980 aka tono shi. Na ji kamar an yi mini wayo.

Ainihin gangar a wani wurin aka kaɗa ta. A Yunin 1942 gwamnati ta buɗe ofishin yaɗa labaran yaƙi, shi ke raba wa mujallu da gidajen rediyo da masu fim abin da za a cusa wa jama'a: a tsimi sukari da fetur, a yi ɗan lambu a bayan gida, a ba gwamnati rance, mace kuma ta sani in ta iya sarrafa na'urar girki, to ta masana'anta ba za ta gagare ta ba. Sai na tuna Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, yadda ita ma ta riƙa kai wa mutanenmu labarin yaƙin Hitila ta bakin Ingila.

Kiran ya karɓu. Richmond, garin da bai kai mutum 24,000 ba a 1940, ya doshi 100,000 cikin 'yan shekaru. Wuraren ƙera jirage huɗu na ɗan kasuwa Henry Kaiser sun fitar da jiragen ruwa 747, ana aiki dare da rana. A Nuwamban 1942 an haɗa jirgi sukutum, Robert E. Peary, cikin kwana 4 da awa 15, kodayake wannan ma nuna bajinta ce don jaridu su samu abin bugawa. Gidaje sun yi ƙaranci har gado ɗaya ake karɓa-karɓa, mai aikin dare na tashi, mai aikin rana na kwanciya. Don kada ciwo ko raino ya hana aiki, aka buɗe gidajen renon yara, aka kuma tsara kiwon lafiya da ake cirar santi 50 a mako daga albashi. Tushen Kaiser Permanente, babban tsarin kiwon lafiya na Amurka a yau, ke nan.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne ɓangaren baƙaƙen fata. Sun kwararo daga Luwiziyana da Teksas da Akansas, suka tarar ƙungiyar ƙwadagon masu aikin ƙarfe ta ware musu reshe na daban: su biya kuɗin ƙungiya, amma ba su da ta cewa. A ofishin wannan reshe Betty Reid Soskin ta yi aikin adana takardu tana matashiya, kuma ita ce daga baya ta zama jami'a a wannan wurin tarihi, tana ba baƙi labarin da fostoci ba su zana ba, har ta yi ritaya a 2022 tana da shekara 100. Ba nisa da nan, a Port Chicago, makamai sun fashe ranar 17 ga Yulin 1944, mutum 320 suka mutu, akasarinsu baƙaƙen sojan ruwa masu dako. Hamsin daga cikin waɗanda suka ƙi komawa wannan aiki aka yanke musu hukuncin tawaye, sai a 2024 aka wanke su. Su kuwa iyalan Japanawa masu noman furanni a Richmond, tun 1942 aka kwashe su zuwa sansanonin tsarewa, cikin 'yan asalin Japan kusan 120,000 da aka yi wa haka.

"To matan fa, Kawu, da aka gama yaƙin?" in ji yaron. Na nuna masa allon da ke gabanmu. Bakin da ya kira su shi ya sallame su: sojoji sun dawo, a ba su wuri. Wuraren ƙera jiragen ma rufe su aka yi.

Da la'asar muka ɗauki tasi zuwa Red Oak Victory, jirgin dakon makamai da aka ƙera a nan a 1944, yana ɗaure a bakin ruwa. Ciki warin man inji da tsohon fenti. Ina saukowa ta wata matsattsiyar matakala na dafa bango, yatsana ya faɗa kan layin walda, mai kauri, ga ɗan karkacewa a wuri guda kamar hannu ya gaji. Na bi shi da yatsa har inda ya ƙare. Yaron yana ta ƙwala mini kira daga sama, wai jirgin fito zai bar mu.