Ranar da manhajar manoman riɗi ta ƙi tashi a sabar haya

Bayan na kammala karatun kwamfuta na koma ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel, shugaban ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo ya kira ni zaurensa bayan la'asar, ya ajiye manyan littattafai uku a gabana. A cikinsu ake rubuta wanda ya karɓi taki bashi, da buhunan da kowa ya kawo, da abin da aka sayar a Maigatari ko aka kai Dawanau. Yoyon rufi ya riga ya narkar da tawadar shafuka da dama. Ya ce mini, "Ɗana, tunda ka yi boko, ka sa mana wannan inda ruwa da gara ba za su ci ba."

Na rubuta manhajar da PHP, harshen rubuta manhajar intanet, da MySQL, rumbun adana bayanai, a kwamfutata mai Windows, ta amfani da wani tsohon XAMPP, kunshin da ke haɗa su biyun, da na kwafa a filashin wani tun ina makaranta, ina kai kwamfutar caji shagon mai sola kullum da hantsi. Komai ya yi aiki yadda nake so, kuma na yi alfahari da hakan.

Da Sallah ɗan wan mahaifina, wanda ke sana'ar rubuta manhaja a Kano, ya zo gida, na ba shi ya duba. Bai daɗe yana karantawa ba ya fara nuna mini wurare da yatsa: hanyar fayil da na rubuta tun daga C: da karkatacciyar sanda irin ta Windows, kalmar sirrin rumbun bayanai da na maimaita a kowane fayil, da umarnan mysql_ na magana da rumbun da na koya a tsofaffin darussa. Na ce masa, "Yaya, manomi bai san ƙa'ida ba, rasit yake so, kuma rasit yana fita." Ya amsa da cewa kwamfutata ce kawai ke rufa mini asiri. Ya kawo zancen W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, da zamanin burauzar Internet Explorer 6, lokacin da ake gina shafi don burauza ɗaya tilo sai ya wargaje a sauran. Ni kuma na ce ƙa'idojin HTML da CSS sun shafi abin da burauza ke nunawa ne, amma abin da ke gudana a cikin sabar, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta a intanet, babu wata hukuma guda da ke mulkinsa. Ya yarda da wannan, sai dai ya ce rashin sarki ɗaya ba ya nufin rashin doka, domin akwai HTTP da burauza da sabar ke magana da shi, akwai UTF-8 na adana haruffa, akwai ƙa'idar SQL, harshen magana da rumbun bayanai, tun 1986, akwai kuma tsarin rubutu na PSR da masu PHP suka amince da shi a tsakaninsu. Muka tashi sallar magariba kowa na kan bakansa.

Da ƙungiya ta tara kuɗi muka yi hayar wuri mai araha a wata sabar da ke aiki da Linux maimakon Windows, na ɗora fayilolin da dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi, na buɗe adireshin a waya, sai fari fat. Ko harafi ɗaya babu.

Kwana huɗu na yi ina tono. Da farko na gano cewa umarnan mysql_ an yi gargaɗin daina su tun PHP 5.5 a 2013, aka cire su gaba ɗaya a PHP 7 a 2015, ni kuwa kwamfutata tana nan a kan 5.6. Na sake rubuta duk wuraren da PDO, wata hanyar da PHP ke magana da rumbun bayanai. Daga nan sai batun haruffa: na sa wa fayil suna Manoma.php da babban harafi, amma a cikin manhajar ina kiransa manoma.php. Windows ba ta bambanta su, Linux kuwa fayiloli biyu daban take ɗaukarsu, kuma haka sunayen teburan MySQL suka yi mini.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Da shafin ya tashi, sai na ga riɗi ya koma riÉ—i, kowane ƙ ya zama Æ™, sunayen dattawan da nake gaisarwa a durƙushe sun cika da tarkace. Dalilin shi ne teburan suna kan tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne zaɓin asali na MySQL kafin fitowar 8.0, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa. Kowanne daga cikin haruffan nan bayit biyu ne a UTF-8, alhali latin1 bayit ɗaya yake ba kowane harafi. A kwamfutata ana zuba su a karkace, a ɗebo su a karkace, sai kuskure biyu su rufe juna. Da aka sauya gida asiri ya tonu, kowane bayit ya fito a matsayin harafi mai zaman kansa. Na mayar da rumbun da mahaɗarsa zuwa utf8mb4, wato cikakken UTF-8 na MySQL, na gyara tsofaffin bayanan, sannan na zauna da magatakardan ƙungiya muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da littafin a hannunsa. A nan na gane cewa ga mai rubuta Hausa, UTF-8 ba ƙawa ba ce, ita ce ke hana a ɓata wa mutum suna.

Na kira Yaya na ba shi gaskiyarsa, amma ban sallama masa duka ba. Shi so yake in sa manhajar cikin Docker, wanda ke kunshe manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki iri ɗaya a ko'ina, in kuma rubuta ta yadda gobe za a iya komawa PostgreSQL, wani rumbun bayanai daban, ba tare da wahala ba. Hayar da muke iya biya ba ta ba da damar Docker, kuma sabar da za ta ba da ita tana buƙatar kuɗi da mai kula da ita, alhali kuɗin nan daga karo-karon manoma yake fitowa. PDO yana magana da rumbuna iri-iri, gaskiya ne, amma ba ya fassara SQL ɗin kansa, kuma AUTO_INCREMENT na MySQL, mai ba kowane sabon layi lamba a jere, ba ya aiki a PostgreSQL. A ganina, wahalar shirya wa ƙaurar da ba za mu taɓa yi ba ɓarnar lokaci ce. Abin da na tabbata zai faru shi ne sauya mai ba da haya da sabunta PHP, don haka a kansu na yi shiri: ƙananan haruffa a duk sunan fayil da tebur, duk saituna a fayil guda, agogo a kan Africa/Lagos, da gwaji a Linux kafin ɗorawa.

Bara kamfanin hayar ya ƙara kuɗi ana tsakiyar kakar riɗi, muka yanke shawarar tashi. Tsakanin isha'i da ƙarfe goma na kwashe komai, layi huɗu kawai na canza a fayil ɗin saituna. Da safe magatakarda ya fitar da rasit na farko a bakin sikeli bai ma san an yi ƙaura ba. Da na gaya wa Yaya a waya, sai ya ce, "Madalla, ƙanena. To, yaushe za mu zauna kan maganar Docker?" Na ce masa sai an sayar da zoɓo.